Gugguru, coci da kamfani: wa ke ciyar da 'yan sikawut na Amurka?

Idan kaka ta kama a Amurka, da wuya ka shiga babban kanti ba ka ga ƙaramin tebur a bakin ƙofa ba. Yara biyu ko uku ne ke tsaye cikin kaki, da ƙyalle a wuya, sun jera ledojin gugguru, uwa ko uba na bayansu yana riƙe da akwatin canji. Yaro zai tare ka da ladabi ya tambaya ko za ka taimaki 'yan sikawut. Ledar da za ka saya da 'yan daloli a cikin kantin, a kan teburin nan tana iya kai dala 20, kuma mutane suna saya, don kowa ya san ba guggurun ake biya ba. Kamfanin Trail's End da ke sarrafa shi yana cewa sama da kashi 70 cikin 100 na kuɗin yana komawa ga 'yan sikawut na yankin da aka sayar.

Daga wannan tebur ya kamata a fara kallon kuɗin ƙungiyar Boy Scouts of America. Mai kallo daga nesa yakan ga sunayen manyan kamfanoni a jikin gine-ginenta da allunan tarukanta, sai ya ɗauka su ne ke ɗauke da ita. Ba haka ba ne. Kuɗin kamfanoni bai taɓa zama babban kaso ba, amma shi ne ya fi kowane kuɗi ƙarfin murya. A ganina yawancin abin da ya sami ƙungiyar a shekaru talatin da suka wuce daga wannan rashin daidaito ya taso.

Tun ranar farko akwai hannun attajiri a harkar. Lokacin da Robert Baden-Powell, wanda ya kafa harkar sikawut, ya kwashi yara kimanin 20 ya kai su tsibirin Brownsea a Ingila a 1907 don gwada tunaninsa, mai gidan jarida Arthur Pearson ne ke bayansa, kuma shi ya buga littafin da ya yaɗa harkar a 1908. A Amurka ma mai buga jaridu ne daga Chicago, William D. Boyce, ya yi wa ƙungiyar rajista ranar 8 ga Fabrairu, 1910, ya kuma riƙa ba ta kuɗin tafiyar da ofis a farkon lamari. A 1916 majalisar dokokin ƙasar ta ba ta takardar amincewa ta musamman, wadda daraja ce da kariyar suna, ba kasafin kuɗi ba. Kyautar da ta fi burge ni ita ce ta Waite Phillips, attajirin man fetur daga Oklahoma. A 1938 da 1941 ya ba ƙungiyar makeken fili a tsaunukan New Mexico, wanda ake kira Philmont, yanzu yana da faɗin eka kusan 140,000. Da yake mutumin ya san fili ba ya ciyar da kansa, sai ya haɗa musu da dogon beninsa na Philtower da ke birnin Tulsa, domin kuɗin hayarsa ya riƙa kula da wurin. Waƙafi ke nan kamar yadda muka san shi.

Sai dai ƙungiyar ba gida ɗaya ba ce mai asusu ɗaya. Akwai babban ofis a Irving da ke Texas, wanda ke rayuwa da kuɗin rajistar shekara na kowane yaro, da cinikin kaki, bajoji da littattafai, da ribar jarin da ya zuba. Ƙarƙashinsa akwai majalisun yanki, kimanin 250 a 'yan shekarun baya, kowace da rajistarta da asusunta da sansanoninta na daji. Su ne ke cin moriyar gugguru, su ne ke bin iyaye da 'yan kasuwar gari kowace shekara da kamfen ɗin neman taimako da suke kira Friends of Scouting. Sannan a can ƙasa akwai rukunin yaran unguwa, kuma wannan rukuni ba mallakin babban ofis ba ne. Wata cibiya ce a garin, coci ko makaranta ko ƙungiyar tsofaffin sojoji, ke karɓar takardar izini duk shekara ta zama uwar rukunin. Ita ke ba da ɗakin taro, ita ke biyan kuɗin wuta, shugabanta ne ke sa hannu cewa ya yarda da wane da wane su jagoranci yara. Wanda ya san yadda 'yan agaji ke rayuwa a ƙarƙashin ƙungiyoyin addini a ƙasar Hausa zai gane tsarin nan take: kakin iri ɗaya ne a ko'ina, amma masallacin unguwa da mutanensa ne ke riƙe da yaran.

Wannan tallafi ba ya fitowa a takardar lissafin kuɗi, alhali shi ne ƙashin bayan komai. Zuwa wajen 2013, kusan kashi 70 cikin 100 na rukunonin suna hannun cibiyoyin addini, manyansu kuwa cocin Mormon ne da Methodist da Katolika. Na Mormon ya fita daban. Tun 1913 ya mayar da sikawut tsarinsa na tarbiyyar yara maza, har ta kai duk yaron da ya isa shekaru a cocin ana yi masa rajista ko ya nema ko bai nema ba, cocin kuma ya biya. Yara kimanin 425,000 ke nan, kusan ɗaya cikin biyar na dukkan 'yan ƙungiyar, suna shigowa kowace shekara ba talla ba roƙo. Babu kamfanin da ya taɓa ba da abin da ya yi kusa da wannan.

To ina kamfanonin suka shigo? Ta ƙofofi da dama, mafi yawansu ƙanana. Akwai United Way, wadda ke tara abin da ma'aikata suka yarda a yanka daga albashinsu ta raba wa ƙungiyoyin agaji na gari, kuma majalisun yanki sun daɗe suna cin rabonsu a nan. Akwai tsarin da kamfani ke cewa ma'aikacinsa, duk awar da ka ba da ta aikin sa kai a wata ƙungiya, za mu biya ƙungiyar wani abu. Injiniya ya kwana a daji da yaran unguwarsu ƙarshen mako, ya dawo ofis ya cike fom, sai kamfani ya aika wa rukunin cak. Ta irin wannan hanya ce kamfanin fasaha na Intel ya ba da kusan dala 700,000 a 2010. Ga ƙungiya mai yara sama da miliyan 2 a lokacin, kuɗin bai kai ko rabin dala a kan kowane yaro ba. Sannan akwai ƙofar da ta fi duka muhimmanci, wato kujerun kwamitin gudanarwa na ƙasa, inda shugabannin manyan kamfanoni ke zama. Rex Tillerson na ExxonMobil ya shugabanci ƙungiyar daga 2010 zuwa 2012. Randall Stephenson na AT&T da James Turley na Ernst & Young suna cikin kwamitin a lokaci guda.

Rigimar da ta jarraba wannan dangantaka ita ce ta dokar ƙungiyar da ta hana masu neman jinsinsu zama mambobi ko shugabanni. Tun 1992 kamfanin Levi Strauss ya janye tallafinsa a kan haka. A watan Yunin 2000 Kotun Ƙolin Amurka, da rinjayen alƙalai 5 a kan 4, ta yanke a shari'ar James Dale, wanda aka kora bisa wannan doka, cewa ƙungiya ce mai zaman kanta, tana da 'yancin zaɓen wanda za ta karɓa. Ƙungiyar ta yi nasara a kotu, amma hukuncin ya zo da kaifi biyu. Idan ke mai zaman kanki ce, to ba wanda ya zama dole ya ba ki ko sisi. Rassan United Way da dama suka rufe famfo. A 2004 ma'aikatar tsaro ta amince sansanonin soji su daina zama uwayen rukunoni kai tsaye, wannan kuwa saboda ƙarar da aka shigar kan sharaɗin ƙungiyar na imani da Allah. A Philadelphia, majalisar yankin ta shafe gomman shekaru a wani gini da ke kan filin hukumar birni, kusan kyauta, sai hukumar ta ce ko a sauya doka ko a biya hayar dala 200,000 a shekara. Aka je kotu, 'yan sikawut suka yi nasara a 2010, amma daga ƙarshe a 2013 suka bar ginin.

Guguwar gaske ta taso a ƙarshen 2012. Intel ya sanar a watan Satumba cewa ba zai ƙara ba da kuɗi ga rukunin da ke nuna wannan bambanci ba. UPS ya bi a Nuwamba, Merck a Disamba. Lockheed Martin ya biyo baya a ƙarshen 2013, Disney a farkon 2014. Turley da Stephenson kuwa tun tsakiyar 2012 sun fito fili sun ce za su nemi sauyi daga cikin gida. Idan aka tara duk kuɗin da aka janye, bai isa ya durƙusar da ƙungiyar ba. Abin da ya firgita shugabanninta shi ne abin da janyewar ke nufi: shugaban kamfani ba zai so sunansa a kwamitinku ba, attajiri zai yi jinkirin sa hannu a cak, iyayen birane za su kai 'ya'yansu wani wuri. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, to amma a nan masu ladan biyu ne, kuma askin da kowanne ke so ya saɓa wa na ɗayan. Kamfanoni na cewa a buɗe ƙofa, coci-cocin da ke riƙe da yawancin yaran da dama na cewa idan aka buɗe za su tafi.

Sai aka riƙa tafiya taki ɗaɗɗaya. A watan Mayun 2013 wakilai kimanin 1,400 suka taru a Grapevine da ke Texas, kashi 61 cikin 100 suka amince a karɓi yara, aka bar haramcin a kan manya. Wasu da ransu ya ɓaci suka ɓalle suka kafa tasu ƙungiyar, Trail Life USA, a shekarar. Kamfanoni kuma suka ce rabin sauyi bai ishe su ba, shi ya sa Lockheed da Disney suka janye bayan ƙuri'ar, ba kafinta ba. A Yulin 2015, ƙarƙashin jagorancin Robert Gates, tsohon sakataren tsaro, aka ɗage haramcin a kan manya, aka bar wa rukunonin coci damar zaɓen shugabanninsu bisa aƙidarsu. A 2017 aka yanke shawarar karɓar 'yan mata, matakin da kowa ya san akwai neman ƙarin mambobi a cikinsa.

A watan Mayun 2018 cocin Mormon ya sanar da cewa zai raba gari da ƙungiyar a ƙarshen 2019. Dalilin da ya bayar shi ne yawancin mabiyansa yanzu ba a Amurka suke ba, yana buƙatar tsarin matasa guda da zai yi aiki a duk duniya. Ko ma mene ne ya fi nauyi a zukatan shugabanninsa, sakamakon ɗaya ne. Yara kimanin miliyan 1.97 a 2019 suka koma kimanin miliyan 1.12 a 2020, korona ma ta ƙara nata. Giɓin kuwa aljihun iyaye ya faɗa. Kuɗin rajistar yaro a shekara, wanda yake dala 24 kafin ƙarshen 2017, ya koma 33, ya yi tsalle zuwa 60 a farkon 2020, ya kai 85 a 2024. Wannan ban da kaki, kuɗin sansanin bazara, da abin da majalisar yanki ke ƙarawa a kai. Ɗan mai hali ba zai ji a jikinsa ba. Ɗan uwar da ke aiki biyu don ta biya haya shi ne ke zama a gida.

A nan sai mutum ya dubi ƙungiyar 'yan mata, Girl Scouts of the USA, wadda Juliette Gordon Low ta kafa a 1912, kuma ba ta da alaƙar shugabanci da ta mazan. Tun 1917 'yan matan ke sayar da biskit, yanzu sukan sayar da kwali kusan miliyan 200 a shekara, cinikin da ke kai wa wajen dala miliyan 800. Ita ma tana karɓar tallafin kamfanoni, amma wanda ke da sana'ar da ta kai haka ba ya rawar jiki idan mai kyauta ya ɗaure fuska.

Akwai kuma kyautar da ke jawo bashi. Daga 1981 zuwa 2010 babban taron 'yan sikawut na ƙasa, jambori, a sansanin soji na Fort A.P. Hill da ke Virginia ake yin sa. Ƙungiyar ta so wuri nata na kanta, sai gidauniyar Stephen Bechtel ta ba da dala miliyan 50 a 2009, aka sami fili sama da eka 10,000 a jihar West Virginia, aka sa masa suna Summit Bechtel Reserve. Kamfanin kwal na CONSOL Energy ya ɗauki nauyin wata doguwar gada a ciki, aka sa mata sunansa. Wuri ne mai kyau, ya karɓi jamborin ƙasa a 2013 da na duniya a 2019. Amma kyaututtukan ba su isa ginin ba, sai da aka ci bashi mai nauyi, a daidai lokacin da yawan yara ke raguwa. Mai kyauta yana son abin da za a rubuta sunansa a jiki. Ba kasafai ake samun wanda zai ce ga kuɗi a biya inshora, ko a horar da shugabannin rukuni, ko a ɗauki ma'aikatan da za su binciki tarihin masu neman kusantar yara ba.

Wannan ya kawo ni ga abin da ke ci mini rai a labarin. A 2010 wata kotu a Portland da ke Oregon ta ci ƙungiyar tarar dala miliyan 18.5 ta ladabtarwa a ƙarar wani mutum da mataimakin shugaban rukuninsu ya yi lalata da shi yana yaro. A shari'ar ne aka fito da fayilolin sirri da babban ofis ya daɗe yana ajiyewa, na mutanen da aka zarga da cin zarafin yara. A watan Oktoban 2012, bisa umarnin kotun ƙolin jihar, aka saki shafuka kimanin 14,500 da suka shafi shekarun 1965 zuwa 1985. A ciki an ga inda aka sallami mutum shiru ba a gaya wa 'yan sanda ba, an ga inda wanda aka kora ya sake ɓullowa a wani gari. A lura da watan: Oktoban 2012, tsakanin sanarwar Intel da ta UPS. Dalilin da kamfanonin nan suka bayar na janyewa dokar shiga ce, ba fayilolin ba. Kuma kada wani ya haɗa batutuwan biyu, domin duk tsawon shekarun da ake cutar da yaran nan ƙofar a rufe take, rufewar ba ta kare kowa ba. Abin da ya gaza shi ne sa ido da faɗin gaskiya. Masu kuɗin da suka nuna cewa muryarsu na iya sauya dokar ƙungiya cikin shekaru uku, da sun yi amfani da rabin wannan murya tun da wuri wajen tambayar yadda ake kare yara, da an rage ɓarna. Coci-cocin da ke sa hannu a kan sunayen shugabanni ma tambayar tana kansu.

Lokacin da jihohi irin su New York, New Jersey da California suka sauya doka a 2019 suka bai wa waɗanda aka cuta tun suna yara damar kai ƙara ko da shekaru sun ja, ƙararraki suka yi ambaliya. Ranar 18 ga Fabrairu, 2020, Boy Scouts of America ta kai kanta kotun masu karayar arziki a Delaware. Kafin wa'adin watan Nuwamba ya cika, mutane sama da 82,000 sun shigar da buƙatar diyya. A Satumban 2022 alƙaliya Laurie Selber Silverstein ta amince da asusun diyya na kimanin dala biliyan 2.46, tsarin kuma ya fara aiki a Afrilun 2023.

Duba wanda ya biya. Kamfanonin da suka fi zuba kuɗi a asusun ba masu tallafi ba ne, na inshora ne: Century Indemnity dala miliyan 800, Hartford dala miliyan 787. Majalisun yanki suka kawo sama da dala miliyan 500 a tsabar kuɗi da kadarori, da yawansu sai da suka sayar da sansanonin dajin da mutanen gari suka ba su kyauta tun zamanin kakanni. Cocin United Methodist ya sa dala miliyan 30, ya kuma shawarci rassansa su sake duba yadda suke zama uwayen rukunoni, domin sun gane cewa sa hannun nan na shekara-shekara alhaki ne a gaban kotu. Philmont, waƙafin Waite Phillips, tun 2019 aka sa shi cikin jinginar bashin banki. Zane-zanen shahararren mai zane Norman Rockwell da ƙungiyar ta tara shekara da shekaru, na yara masu kaki suna sara wa tuta, an miƙa su ga asusun diyya, aka fara gwanjonsu a 2024.

Mu da muka san sikawut a filin makaranta, ranar yara ta 27 ga Mayu ko faretin 1 ga Oktoba, abin bai yi mana nisa kamar yadda ake zato ba. Harkar ta shigo Najeriya tun 1915, kuma ƙungiyoyin ƙasashe marasa ƙarfi sukan dogara da abin da ke zuwa daga waje, kamar shirin Messengers of Peace da Sarki Abdullah na Saudiyya da Sarki Carl Gustaf na Sweden suka tsaya wa aka ƙaddamar a 2011. Mu ma akwai mai ba da ɗaki, akwai mai ba da kuɗi, akwai malamin da ake damƙa wa yara su kwana a daji, kuma ya kamata iyaye su san wa ya tantance shi, wa kuma za a gaya wa idan yaro ya dawo gida ya yi shiru.

Ranar 8 ga Fabrairu, 2025, ranar da ta cika shekara 115, ƙungiyar ta koma amsa sunan Scouting America, da yara kimanin miliyan 1, cikinsu har da 'yan mata. Masu neman diyyar kuwa da yawansu yanzu dattawa ne, wasu sun rasu suna jira. Idan aka raba dala biliyan 2.46 tsakanin mutum 82,000, kowa zai tashi da kimanin dala 30,000 kafin lauyoyi su cire nasu. An kuma buɗe ƙofar gaggawa ga wanda ba ya son a sake tona abin da ya same shi: ya sa hannu, ya karɓi dala 3,500, a rufe fayil ɗinsa. Dubbai sun zaɓi hakan.